Dami Ɗari da Hanyar Shanu

Tambuwal, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Kaka Ɗangiwa,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar jika ga kakanta, da fatan kai da Inna Atu kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma gwiwar nan taka ta ɗan sassauta maka. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ke neman gasa mu da rai. Maigidana da yara suna gaishe ku.

Sau uku ina kiran wayarka, kana ɗauka kana ta faman "Wane na? Wane na?" har layin ya yanke. Na haƙura na koma takarda, tunda kunne ya ƙi amma ido na nan garau. Gazali direba zai riƙa kai maka duk ranar kasuwa, ya karɓo amsa.

Mutane na cewa zumuncinmu mai nisa ne, wai kai da kakana 'ya'yan wa da ƙani ne kawai. Ni dai tun rasuwar Baba ba ni da wanda ya fi ka kusa, shi ya sa zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Kana zaune ranar rabon gado, lokacin da gonar bakin rafi ta Kebbe ta faɗo a rabona, Yaya Mannir ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan, gonar Baba ta mutu. Mace, macen ma ta ohis, mi tas sani ga noma?" Wata biyar ke nan maganar tana tsaye mini a rai.

Makon jiya an yi mana bita a wurin aiki. Mai bitar ya ce duk wanda ke da buri ya rubuta shi, ya sa masa adadi, ya sa masa rana, ya liƙa inda zai riƙa ganinsa kullum. Ina shiga gida ko mayafi ban cire ba na ɗauki takarda na rubuta da manyan baƙaƙe: DAMI ƊARI KAFIN ƘARSHEN SATUMBA. Na liƙa a ƙofar kwabar kayana. Baba bai taɓa wuce dami tamanin na gero a gonar ba. Ina so ranar da aka gama ɗauri in kira Yaya Mannir in ce ya zo ya ƙirga da bakinsa.

Ga iri da taki nan na ba Gazali. Roƙona ka tsaya mini a kan aikin. A shuka ta duka, daga bakin rafi har gindin tsamiya, kada a bar ko faɗin tabarma.

Ni ce jikarka,
Fiddausi

Kebbe, 17 ga Afrilu

Zuwa ga amaryata ta Tambuwal, wadda ba ta tuna da mijinta sai noma ya taso,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta ishe ni lafiya. Gwiwa tana nan, mun saba da juna, in ta fara ciwo na san hadari ya kusa. Innarki Atu ta ce in gaya miki man zafin da kika aiko bara ya ƙare. Ban ce ki aiko wani ba, labari kawai nake ba ki.

Dami ɗari! Na karanta, na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Ashe yanzu a jikin kwaba ake noma, mu muka zauna shekara da shekaru muna wahalar da ƙugunmu. To madalla. Gonar nan a cikinta na koya wa ubanki Isah riƙon garma, na san ta kamar tsakar gidana. Da takin da kika aiko, in ruwa ya zo a kan kari, za ta yi tamanin da biyar, in Allah ya yi mana alheri ta taɓa casa'in. Wannan ma abin a yi godiya ne.

Sai dai akwai layi ɗaya da ya tsayar da ni. Kin ce har gindin tsamiya. Noman ubanki a jerin gamba yake tsayawa. Daga gamba zuwa tsamiya, taku goma sha biyu, burtali ne. Ta nan shanun Atiku da na sauran mutanen ruga ke bi su sauka mashaya tun zamanin iyayenmu. A takarda ƙasarku ce, ba mai musu, amma kakanki ya bar ta, ubanki ma ya bar ta. Atiku kuwa ba baƙonki ba ne, shi ne mai ba ki kindirmo a ƙoƙo kina ƙarama, kina sha kina shafe baki da rigata.

Ki kuma tuna matsayina a garin nan. Shekara talatin ke nan duk sanda dabba ta shiga gonar wani, ni mai gari ke aikawa in duba ɓarna. Abin da na faɗa manomi ya yarda, makiyayi ya yarda. Ba ni da sarauta, ba ni da shanu, wannan yardar ita ce abin da na tara.

Ina kyautata zaton alƙalami ne ya zame miki. Ki gaya mini, gamba ko tsamiya?

Batun Mannir kuwa, tun yana yaro bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Kada ki ɗauki maganarsa ki sa a kwaba.

Mijinki na Kebbe,
Ɗangiwa

Tambuwal, 24 ga Afrilu

Kaka,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ga man zafin Inna nan guda biyu, tunda labari kawai aka ba ni.

Ka ce tamanin da biyar, ka ce casa'in. Kaka, casa'in ba ɗari ba ce. In na tsaya a casa'in Yaya Mannir zai ce ai shekarar ruwa ce, ko makaho ya shuka zai samu. Ni ɗari na rubuta, kuma mai bitar ya ce wanda ya fara rage burinsa tun kafin ya soma, ya riga ya faɗi.

Maganar gamba da tsamiya, ni ban san kan ƙasar nan kamar kai ba, rabona da gonar tun kafin aurena. Abin da na sani takardar gado tsamiya ta ce. Na kuma ji akwai wata hanya ta kwari da ke fita mashaya. Amma kai ne babba, kai ke wurin. Ka yi duk abin da ka ga zai kai mu ɗari, ni ban isa in koya maka ba.

Ina yawan tuna ranar da Baba ya kama hannunka a gadon asibiti ya ce, "Ga Fiddausi nan." In kai ma ka ce ba zan iya ba, to ban san wanda zan kai wa kukana ba.

Jikarka,
Fiddausi

Kebbe, 12 ga Yuni

Zuwa ga Fiddausi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An yi ruwan shuka ranar Litinin. An tuge gamba, an shuka har gindin tsamiya. Iri ya isa, taki ya isa.

Wassalam.
Ɗangiwa

Tambuwal, 20 ga Yuli

Kaka, mijin da ya yi yaji,

Ina gaisuwa, ina tambayar jikin Inna da gwiwa. Yara sun yi mura sun warke.

Wace irin takarda ce ka aiko mini wancan watan? Layi uku kamar takardar magani, babu amarya babu tsokana. Na ce aikin shuka ne ya sha kanka. To an yi noman farko, na san an yi maimai, har yanzu shiru. Mako biyar! In fushi kake don na matsa maka, ka faɗa mini in ba ka haƙuri, ka san ba na iya zama da shiru.

Bari in ba ka labari mai daɗi. Mun haɗu da Yaya Mannir a wurin suna a Jabo, ya ce, "Manomiya, ina labarin gona?" Na ce ya tanadi yawun ƙirga, don zai kai ɗari bai tsaya ba. Mata suka yi ta shewa. Ka ga yanzu magana ta fita, babu komawa baya.

Kullum da safe sai na tsaya gaban kwaba na karanta takardar nan kafin in fita. Ka rubuto mini yadda geron yake, ya kai ƙugu ko ya wuce?

Taka,
Fiddausi

Tambuwal, 21 ga Agusta

Zuwa ga Kaka Ɗangiwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya, amma ban san da wace fuska zan rubuta wannan takarda ba.

Yau na je tasha da niyyar yi wa Gazali faɗa, don na fara zargin ba ya kai maka saƙona. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Hajiya, ashe ba ki ji mi af faru ba? Ai tun da anka toshe burtali, shanun Atiku ta kwari su ka bi, ga ruwa ya cinye wurin. Wata saniya tai mai ciki ta zame ta karye, dole anka yanke ta. Ya rarraba naman ga maƙwabta, har gidan tsoho ya aika da kaso nai."

Bai tsaya nan ba. Ya ce bayan haka awakin ruga sun shiga waken wani, mai gari ya ce a kira ka ka duba, sai mutanen ruga suka ce ba su yarda da awon wanda ya toshe musu hanya ba. Ya ce mai gari ya tambaye ka gaban jama'a, "Ɗangiwa, wa yas sa ka?" Kai kuma ka ce, "Babu wanda yas sa ni, ra'ayina na."

Kaka, ƙarya ka yi domina, ni kuma ƙarya na yi maka. Na san burtali ne. Na san shi tun ina 'yar shekara bakwai, ina tsayawa a bayan gamba ina ƙirga shanu suna wucewa. Da na rubuta tsamiya ba alƙalami ba ne ya zame, na zauna na lissafa cewa wurin zai ba da dami goma sha wani abu, kuma in babu shi ba zan kai ba. Ka tambaye ni a fili, gamba ko tsamiya, na ƙi amsawa a fili, don in abin ya yi kyau ya zama nawa, in ya ɓaci ya zama naka. Da na ga kana ja da baya, har hannun Baba na jawo na ɗora maka. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ni ina nan ina jin haushin ba ka tsokane ni a takarda ba, ashe kai kana can kana shan kunya a gaban mutanen da suka girme ni. Ina Jabo mata na yi mini shewa, ban san ko a makon ne saniyar ta faɗi ba.

Ka yafe mini don Allah. Ka ba Inna haƙuri. Ko layi ɗaya ne ka rubuto, ko zagi ne zan karɓa.

Jikarka mai laifi,
Fiddausi

Kebbe, 27 ga Agusta

Zuwa ga Fiddausi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Atu ta yi zazzaɓi kwana uku ta tashi. Gazali bakinsa ba ya riƙe ruwa, zan gamu da shi.

Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba. Sau da yawa na ɗauki biro, sai in rasa abin da zan ce wanda ba ƙarya ba kuma ba zai ɗaga miki hankali ba. Abin da ya gaya miki haka ne. Naman ya zo, Atu ta dafa, na kasa kai shi baki. Da Atiku ya zage ni da na ji sauƙi. Shekara hamsin muna zama tabarma ɗaya bayan la'asar, yanzu in mun haɗu sai ya yi mini gaisuwar hanya, cikin ladabi, ya wuce.

Amma kada ki kwashe laifin duka, ki bar mini rabona. Abin da na faɗa gaban mai gari ba ƙarya ce zalla ba. Ni na koya wa Isah noma, ya zo ya wuce ni. Gonata ba ta taɓa yin saba'in ba. Duk shekara ina yi masa barka da baki, a ciki kuwa wani abu na ɗan sukata. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Atu. Da na ga dami ɗari a takardarki na yi dariya, amma da na kwanta rana sai na ji ina so. In yi a gonar Isah abin da Isah bai yi ba! Tsoho mai shekara saba'in da huɗu, da hankalinsa, ya tuge gamba da hannunsa. Ke kina noma don Mannir ya gani, ni ina noma don mamaci ya gani, a cikinmu babu wanda ya tuna gero abinci ne. Na yafe miki, ke ma ki roƙa mini gafara.

Yanzu ga yadda ake ciki. Gero ya yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba a wurin, ya fidda kai ya fara ƙwaya, saura kamar mako uku a girbe. In an bar na burtali, za ki samu ɗarinki har da ɗoriya. In an sare shi yanzu, ba za ki kai casa'in ba. Shekaranjiya Mannir ya zo ya zaga gonar, ya kama zangarniya ɗaya ya gwada da hannunsa, bai ce komai ba ya hau babur ɗinsa.

Shanu kuwa har yau ta kwari suke bi, safe da yamma. Mai gari ya ce ba wannan Juma'a ba, ta sama, za a zauna a kan wanda zai riƙa duba ɓarna, tunda girbi ya matso.

Na karanta takardarki sau uku. Cike take da neman gafara, amma ban ga inda kika ce a buɗe hanya ba. Gonarki ce, gero naki ne, ba zan sa masa lauje da ra'ayina ba, kuma na daina karanta abin da ba a rubuta ba. Wannan karon ki faɗa a fili.

Ɗangiwa

Tambuwal, 9 ga Satumba

Kaka,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

A buɗe hanya. A sare geron burtali duka, daga inda gamba take har tsamiya, ranar da wannan takarda ta same ka. Ko a kora shanun Atiku su cinye shi a tsaye. Na faɗa a fili.

Na san na makara. Kwana goma sha biyu takardarka tana cikin jakata. Sau biyu Gazali yana aiko tambaya ko akwai saƙo, ina cewa babu. Zan gaya maka gaskiya ko da za ka ƙara raina ni. Layin da ka ce Yaya Mannir ya gwada zangarniya ya yi shiru, na karanta shi ya fi sau goma. Layin zaman Juma'a sau ɗaya na karanta, na ce wa kaina ai labari kawai kake ba ni. Na san ba labari ba ne. Na san da an buɗe hanyar kafin ranar da ka shiga zaman da abin faɗa. Amma na tsaya gaban kwaba ina cewa mako uku ne kawai, shanun da suka yi wata biyu suna bin kwari za su iya ƙara mako uku. Bayan duk kukan da na yi maka a takarda, Kaka.

Ranar Lahadi Yaya Mannir ya kira ni. Ya ce, "Fiddausi, na ga gona. Wallahi ta yi kyau, ban yi zato ba." Maganar da na yi wata goma ina jira ke nan. Na saurara in ji daɗi, ban ji komai ba. Na ce masa, ka tuna abin da ka faɗa ranar rabon gado? Ya ce, "Ni? Mi nic ce?" Ya manta! Ya rantse bai tuna ba. Sannan kamar abin banza ya ƙara da cewa, "Kin ji an ba wani, wai shi Malami, duban ɓarna? An aje tsoho." Na kashe wayar na zauna a ƙasa.

Na cire takardar daga kwaba, sai tabon gam ya rage. Ban rubuta wata ba. Mai bitar ya koya mana mu tambayi kanmu nawa, da yaushe. Ban tsaya na tambayi kaina don wa ba, da kuma wa zai ɗauki nauyin.

Ga wata 'yar takarda a ciki. Ina roƙonka a karanta ta a ƙofar mai gari, Atiku yana wurin. In ka ɓoye ta ka sake rufa mini asiri, zan zo in faɗa da bakina.

"Ranka ya daɗe, ni Fiddausi 'yar marigayi Isah, ni na sa aka shuka burtalin gonar bakin rafi. Kaka Ɗangiwa ya gargaɗe ni a rubuce, na matsa masa da sunan mahaifina. Ina sane da hanyar shanu ce. Ina neman gafarar Baffa Atiku da mutanen ruga. Daga yau, muddin gonar tana hannuna, noma a gamba zai tsaya."

Jikarka,
Fiddausi

Kebbe, 23 ga Satumba

Zuwa ga amaryata ta Tambuwal, mai kwaba babu takarda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa ta yi shiru kwana biyu, alamar ruwa ya kusa ɗaukewa.

An karanta takardarki bayan sallar Juma'a, ban ɓoye ba, ko da yake na so. Mai gari ya ce Allah ya yi miki albarka, ba kowa ke iya wannan ba. Sannan ya ce abin da aka zartar an zartar, Malami zai ci gaba. Ba zan yi miki ƙarya ba, abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Jiya an kira shi duba wata gonar dawa, ya wuce ta ƙofar gidana da sandarsa, na samu kaina ina laluben takalmi kafin in tuna ba ni aka kira ba. Mutumin kirki ne, zai iya. Ban faɗa miki don ki yi kuka ba, kin ce a riƙa faɗa a fili.

Na gaya wa Atiku kin ce a kora shanu su cinye geron. Ya girgiza kai ya ce, "Shanuna ba su saba cin hatcin mutane ba, ba ni koya musu yau." Don haka washegari muka sare shi. Bai gama nuna ba, sai aka rarraba wa gidaje, unguwa duka ta yi ƙamshin tumu. Da yamma shanu suka bi ta wurin, babbar saniyarsa tana gaba, ko jagora ba ta nema ba.

Sauran gonar an girbe an ɗaure. Dami tamanin da shida. Na ƙirga sau ɗaya, ban sake ba. Yana cikin rumbu, sai ki faɗi wanda za a kai wa da wanda za a aje.

Atiku bai dawo tabarma ba tukuna. Kwana goma yana wucewa da gaisuwar hanya, na ce wataƙila haka za mu ƙare. Sai yau da hantsi ina gona ina tattara kara, na hango shi tafe da kaya a ka. Ya zo daidai inda na tuge gamba ya sauke. Saiwar gamba ce, da ƙasarta, ya haƙo daga bayan rugarsu. Bai zauna ba, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka hwaɗa ma ɗiyar ta zo ta dasa da hannunta, tun ƙasa ba ta bushe ba. Ni ka nuna mata inda ubanta yat tsaya."

Na yayyafa wa saiwar ruwa na rufe ta da buhu, amma ba za ta wuce kwana huɗu ba. Ki nemi izini a wurin aiki ki biyo Gazali. Taku ɗari da arba'in ne tsawon wurin, ni gwiwa ba za ta bar ni in duƙa ba, Atiku kuma ya ce tsayawa zai yi yana kallo. Ki zo da tsofaffin takalma, ki bar biro a gida.

Mijinki na Kebbe,
Ɗangiwa